Kwalin da Ba a Rubuta wa Suna Ba

Ranar Litinin da safe Sista Henrieta Dibula ta buɗe ɗakin ajiyar magani na ƙaramin asibitin tsibirin Bwasela, ta tsaya cak a bakin ƙofa. Babu abin da ya fashe, babu abin da ya zube. Hasali ma ɗakin ya fi yadda ta bar shi tsabta. An share ƙasa tas. Gilasan taga uku da aka zare an mayar da su, sai dai na tsakiya an sa shi a juye. A kanta ta sama kuwa, inda kwalayen maganin tarin fuka suke jere kowanne da sunan mai shi, akwai gurbi guda.

Shekara goma sha huɗu ke nan tana riƙe da aikin yaƙi da tarin fuka a Bwasela da ƙananan tsibiran da ke kewaye da shi. Mutane na kiranta Mai Bin Tari. Idan mutum ɗaya ya kamu, sai ta bi sawun cutar kamar maharbi: wa ya kwana ɗaki ɗaya da shi, wa ya shiga kwalekwalensa, wa ya zauna kusa da shi a coci. Ba ta gajiya, ba ta kuma ɗaga murya. Da wannan ne ta rage kaburburan da ake haƙawa a bayan tudu.

Kafin hantsi farfajiyar asibitin ta cika. Kansila Lemeki, mai kula da mazaɓar, ya iso da sandarsa da tumbinsa, yana share gumi.

"Apolos ne!" in ji wata mata daga baya. "An gan shi jiya da yamma yana raɓe-raɓe a bayan asibiti."

"Wanda ya sayar da ragar kamun kifin cocinmu a birnin Alotau ai ba abin da ba zai sayar ba."

"Ko kuwa tsoho Towalai mai maganin gargajiya. Tun da Sista ta fara aiki kasuwar ganyensa ta mutu."

Kansila ya buga sanda a ƙasa. "Ya isa! Sista, na ba ɓarawon nan zuwa Lahadi. In an tashi daga coci bai fito ba, gida-gida za mu bi, har ƙarƙashin tabarma sai mun ɗaga."

Sista ta matso kusa da shi. Ta ja shi gefe, ƙarƙashin inuwar tankin ruwa.

"Taubada," ta kira shi da laƙabin girmamawa na manyan maza, "dubi nan. Ga batirin sola, ga fitila, ga maganin ciwon kai da na gyambo da ake saye hannu bibbiyu a kowace kasuwa. Bai taɓa ko ɗaya ba. Kwalaye tara ne a kantar nan. Takwas masu suna, ɗaya na ajiya da ban rubuta wa suna ba. Shi kaɗai aka ɗauka."

"To sai me?"

"Ɓarawon da ya tsaya karanta suna don kada ya cuci mara lafiya, sannan ya share mini ɗaki? Wannan ba ciniki ya kawo shi ba. Akwai mai tari a tsibirin nan da aka ɓoye mini, kuma yanzu haka ana ba shi maganin a makance. Ranar da kuka fara ɗaga tabarmi, kwalin nan teku zai faɗa. Mai tarin ya sha rabi ya bari, cutar ta yi ƙarfi ta daina jin magani, ya mutu a ɓoye bayan ya shafa wa gida guda."

Kansila ya sosa ƙeya, ya mayar mata da laƙabin girmamawa na manyan mata. "Magana ta riga ta fita daga bakina, Sinebada. Ba na lashe ta a gaban jama'a. Kina da kwana shida."

*

Ta sami Apolos a bakin gaɓa, ya kwance injin kwalekwalensa yana wanke masa gishiri. Da ganinta ya ɗaga hannu biyu.

"Sista, in kin zo kama ni ne, bari in sa riga tukuna. Ba na son a kai ni gaban hukuma da wannan cikin a waje."

"Me ka je yi bayan asibiti jiya?"

"Shan iska."

"Apolos, iskar duk bakin tekun nan ba ta ishe ka ba?"

Ya yi dariyar yaƙe, ya sunkuyar da kai. "Wayata na je ɗura wa wuta. Akwai wata mahaɗar wuta a bayan barandarki, wata uku ke nan ina sha daga solarki. Ki yafe ni. Amma kwali, na rantse da kabarin uwata, ban gan shi ba."

"Me ka gani?"

"Ban ga komai ba, ji na yi. Ana shara a cikin ɗakin magani, a hankali, shar, shar. Na ce wannan Sista ce, na zare wayata na ranta a na kare. Ko rabi ba ta cika ba."

Sista ta dube shi. Apolos ko ƙofar ɗakinsa bai taɓa sharewa ba, kowa ya sani. Ta koma bayan asibitin, ta durƙusa ta duba yashi. An bi shi da tsintsiyar kwakwa har bakin ciyawa, amma a can ƙarshe, inda mai sharar ya juya, akwai rabin sawu ɗaya: ƙafa ƙarama, ba takalmi, yatsu a baje irin na mai hawan tudu da kwandon doya a ka. Mace ce, kuma ba yarinya ba.

A Bwasela, mata irin wannan sun fi ɗari biyu.

*

Tsoho Towalai yana zaune a ƙofar bukkarsa ran Laraba, yana daka buwai, goron tsibirin mai rina baki ja, a ɗan turminsa saboda haƙora sun ƙare. Bai ko ɗago kai ba.

"Kin zo ki ga ko na zuba ƙwayoyinki a miya?"

"Na zo gaishe ka, Kawu."

"Ƙarya. Ke ba kya gaisuwa sai da tambaya a aljihu. Zauna."

Ta zauna. Suka yi maganar iskar kudu da ta hana jirgin kaya zuwa, da tsadar shinkafa, da gwiwarsa. Can ta ce, "Akwai wanda ya zo neman maganin tari a wurinka?"

Tsohon ya jima yana daka.

"Wata ɗaya da ya wuce. Mace. Ba ita ke tarin ba, wani ta zo nema wa. Na tambaye ta, da gumin dare? Ta ce da shi. Da rama? Ta ce da ita. Na ce ɗauki kuɗinki, wannan ya fi ƙarfin ganyena, tafi wurin yarinyar nan mai farar riga. Ta ce ba hali."

"Wace ce?"

"Ke kina faɗa mini sunan waɗanda suke zuwa wurinki?"

"A'a."

"To."

Ta so ta ji haushi, amma ta kasa. Ta tashi tana karkaɗe riga.

"Henrieta," ya kira ta da sunanta kamar lokacin da take yarinya. "Ki yi sauri. Muryar matar nan rawa take yi."

*

Alhamis da Jumma'a ta ƙarar da su a ƙafa. Ta bi duk gidan da cutar ta taɓa shiga, ta zauna, ta sha ruwan kwakwa, ta saurara. Sauraro shi ne rabin aikinta. Ta ji tarin masu taba, ta ji na mura, ta ji na jarirai. Wanda take nema ba ta ji ba. Wasu suka rufe mata ƙofa, suna cewa ta zama 'yar leƙen asirin Kansila. Wata ma ta watso ruwan wanke-wanke daf da ƙafarta. Sista ta gaishe ta, ta tambayi lafiyar yara, ta wuce.

Gida ɗaya ya rage a can ƙarshen gari, gidan marigayi Maika. Tarin fuka ya kashe shi wata huɗu da suka wuce, don an kawo shi a makare. Bayan mutuwarsa Sista ta gwada kowa a gidan, ban da matarsa Lusiana, wadda aka riga aka shigar takaba tun ranar binnewa. Tana cikin 'yar bukkar da aka rufe ko'ina da ganyen kwakwa, jikinta shafe da gawayi, ba wanka, ba fita, har sai dangin mijin sun yi bikin rabon doya sun sallame ta. Mai tsaronta ita ce yayar marigayin, Inna Dorisi, wadda ta yi jinyar ƙanen nata har numfashinsa na ƙarshe. Sau uku Sista tana tambayar lafiyar Lusiana, sau uku Inna Dorisi tana cewa lafiya lau. Kuma duk sa'ad da Sista ta zo, sai ta tarar matan gidan sun ɗaga kukan makoki, wanda ba a jin komai a cikinsa.

Ran Asabar ba ta bi ta ƙofar gida ba. Ta sauka ta rafi, inda ta san tsohuwar kan yi wanki da hantsi. Ta same ta durƙushe a kan dutse, fuska baƙi ƙirin da gawayi, tana dirzar tsummoki.

"Sannu da aiki, Inna. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, 'yata." Ba ta ɗago ba.

Sista ta tsuguna, ta ɗauki tsumma ɗaya don ta taya ta. Guntun tsohuwar farar riga ce, irin wadda masu makoki ke share hawaye da ita. Duk gawayi ya ɓata ta. Amma tsakanin baƙin akwai wasu ɗigo-ɗigo da yawa masu launin cikin nunanniyar gwanda.

"Wannan fa?"

"Buwai ne," in ji Inna Dorisi da sauri. Ta fizge tsumman ta tura shi cikin ruwa. "Kin san ba ya fita."

Sista ta ɗago kai. Ta dubi bakin tsohuwar. Haƙoran da ta sani jajaye tun tana yarinya sun fara komawa fari. Gidan da ke makoki ba ya taɓa buwai sai an yi rabon doya, balle mai takaba. Kuma tofin buwai ja ne kamar jini. Abu ɗaya tak ta sani a duniya da ke mayar da fitsari da gumi da hawayen mutum launin gwanda, kuma shi ne jar ƙwayar da ke cikin kwalin nan.

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga wasu mata biyu suna saukowa da tukwane. Ta miƙe.

"Gobe bayan coci, Inna. Ki zo. Kafin nan kada ki zubar da komai, kada kuma ki fasa abin da kike yi da safe. Ba zan kira sunan kowa ba."

*

Lahadi aka taru a ƙarƙashin babban mangwaro. An zaunar da Apolos a kan benci a tsakiya, ya sa rigarsa ta kirki. Aka kawo tsoho Towalai aka zaunar kusa da shi, yana ta tsaki. Samari sun tsaya a bayan Kansila, a shirye su fara bin gidaje.

"Sinebada, kwana shida sun cika," in ji Kansila. "Wane ne?"

Sista ta fito tsakiya. "Ba Apolos ba ne. Wanda ya shiga ɗakin nan ya share shi, Apolos kuwa ko tsintsiya ya gani a hanya sai ya tambayi sunanta."

Aka fashe da dariya. Apolos ya ce, "Yau ƙazanta ta yi mini rana!"

"Ba kuma Kawu Towalai ba ne. Shi ne ma ya ce a kawo mini mara lafiyar, ya mayar da kuɗin da aka ba shi. Ku da kuka zarge shi, ku san da wannan."

Tsohon ya tofar da yawu gefe, ya gyara zama.

"To wane ne?" Kansila ya sake tambaya.

"Na sani, amma ba zan faɗa ba. Wadda ta ɗauki kwalin nan ta tsallake na mutum takwas don kada ta cuce su. Ba ta sayar ba, ba ta sha ba. Rai take son ceta. Kuskurenta ɗaya: maganin nan da nauyin jiki ake ba da shi. In ya yi kaɗan, cutar ta raina shi. In ya yi yawa, ya ci hanta. Abin da nake roƙo shi ne a bar ni in kai sikeli inda mara lafiyar take. Bayan wannan, Taubada, in akwai tara, ni zan biya."

Sai wata baƙar siffa ta miƙe daga can ƙarshen taro, inda masu makoki ke zama nesa da mutane.

"Ba wanda zai biya mini tara," in ji Inna Dorisi. "Ni ce."

Aka ɗauki salallami. Ta tako har tsakiya, ba ta dubi kowa ba sai Kansila.

"Lemeki, ni na goya ka, kada ka zare mini ido. Lusiana ce ke tari. Wata biyu ke nan. In na fito da ita kafin rabon doya, ku ce dangin Maika ba su san darajar gawarsu ba. In na ce tana tari, ku ce ita ta kawo cutar gidanmu, ita ta ci mijinta. Na ji ku a rafi, na ji ku a kasuwa, tun ba a je ko'ina ba kun fara. Yarinyar nan ita ta riƙa tarar jinin ƙanena a tafin hannunta. A wurinsa ta ɗauka. Ni na rufe ta a bukkar nan da hannuna, ina ji tana cusa tsumma a baki don kada maƙwabta su ji. In tsaya ina kallo in binne biyu?"

Matar da ta fara kiran sunan Apolos ta sunkuyar da kai.

"Ƙwaya nawa kike ba ta, Inna?" Sista ta tambaya a hankali.

"Huɗu. Kamar yadda kika koya mini na Maika."

"Maika ya kusa yin biyunta."

Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Na kashe ta?"

"Kwana shida ne. In na gan ta yau, ina sa rai ba komai."

Kansila ya yi gyaran murya, duk ya rasa inda zai sa sandarsa. "Magana ta yi nauyi. Amma al'ada al'ada ce. Mai takaba ba ta fita, doya kuma ba ta nuna ba, sai nan da wata uku. Wanda ba ya cikin makoki kuwa ba ya shiga wurinta. Ba ni na kafa ba, ba ni zan rushe ba."

"Ban ce ka rushe ba," in ji Sista. Ta juya wurin tsoho Towalai. "Kawu, kai ne babba a nan. Wa ke da ikon shiga?"

"Macen da ta ɗauki baƙi saboda mamacin."

"Sai ta zama danginsa?"

Tsohon ya dube ta sama da ƙasa, sannan bakinsa marar haƙori ya buɗe da murmushi. "Duk wadda mutuwarsa ta yi wa zafi. Amma ki sani, in kin ɗauka ba kya ajiyewa sai ranar rabon doya. Ba turare, ba fure a ka, ba rawa, ba zama cikin mutane a coci. Da baƙar fuska za ki duba marasa lafiyarki, da ita za ki tarbi manyanki in sun zo daga Alotau."

"A hannuna Maika ya cika, Kawu. Ta yi mini zafi."

Ta wuce wurin murhun da matan coci suka dafa gwaza, ta zaro gawayin da ya huce, ta murtsuke shi a tafin hannu. Inna Dorisi ta matso, ta kwance 'yar kwalbar man kwakwa daga ƙugunta, ta ɗiga mata. Sai ta riƙe hannun.

"Bari. Ba a shafa wa kai. Dangin mamaci ke shafawa."

Da yatsunta ta bi goshin Sista, da kumatu, da wuya, har baƙin ya sauko ya ɓata wuyan farar rigar. Tana shafawa tana kuka.

Sista ta juyo ga taron da sabuwar fuskarta. "Apolos, ɗauko sikeli da kwalaben gwajin kakin tari a asibiti. Kawu, al'ada ta hana a huda bango?"

"Ƙofa aka hana. Ban taɓa jin an ambaci taga ba."

"To Taubada, samarin nan naka da suka zo ɗaga tabarmi, ka ba su adda. Taga biyu nake so, ɗaya gabas ɗaya yamma, iska ta ratsa."

Gari guda ya bi ta har ƙarshen hanya, amma a bakin shingen gidan kowa ya tsaya. Ita kaɗai ta sunkuya ta ɗage ganyen ƙofa ta shiga.

Duhu ne da zafi da warin hayaƙi. A kusurwa wani ɗan abu ya motsa. Sai ga addar farko ta huda bango, haske ya faɗo a kan wata mata da ba ta fi ƙashi da idanu ba, ta matse baki da tsumma da hannu biyu, kafaɗunta suna tsalle. Sista ta durƙusa, ta ɗaga mata fatar ido ta duba. Fari ne, bai yi rawaya ba, alamar maganin bai taɓa hanta ba. Ta sauke ajiyar zuciya.

A hankali ta zare tsumman daga hannunta.

"Yi tari, Lusiana."

Matar ta girgiza kai, ta dubi bango. "Suna waje, Yaya. Za su ji."

"Na sani. Yi da ƙarfi."

Ta yi. Ya fito mai zurfi, mai tsawo, kamar ana yaga tabarma, ya ratsa sabuwar tagar ya isa har bakin shinge. Babu wanda ya gudu. Can sai muryar wata mata ta taso daga cikin taron, a ɗarare:

"Sista! In kin gama da nan, ki biyo ta gidanmu. Irinsa mijina yake yi."